Sai da Mutum Uku

Hervey Bay, Nuwamba 1998

Narelle 'yata,

Gaisuwa mai yawa gare ki, ke da mijinki Wayne da yaran. Ina fata zafin can bai gama gasa ku ba kafin ruwa ya sauko. Ni ga ni nan, gwiwa tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kunne kuma ya ƙara nisa. Shi ya sa nake rubutu, don in na ɗauki waya sai in ji kamar daga cikin rijiya ake yi mini magana. Gwaggonki Thelma da sauƙi daga shanyewar jikin nan da ta buge ta. Bakinta ya dawo, har ta zagi shayin asibiti, likita ya ce alama ce mai kyau. Ɓarin hagun ne dai bai dawo ba, sun ce kuma kada mu sa rai. Kujera mai taya ce ƙafarta daga yanzu.

Shekarun baya wani mutum ya ba ni labari a kulob, wai a wani rukunin gidaje a Gold Coast wani tsoho ya cika a kan kujerarsa ana tsakiyar zaman kwamiti, sauran suka yi kamar ba su gani ba har suka gama ajanda, don in suka yarda ya mutu adadinsu bai cika ba. Wai a rubuce aka sa cewa ya ƙi jefa ƙuri'a. Ni a bakin wutar masu kora shanu na girma, ina jin ubana da abokansa suna shirga ƙarya suna yi mata ado, don haka na ce wa mutumin ya rage giya. Yanzu kam ban san abin da zan ce masa ba.

Ga abin da ya faru. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zo ta duba gidanmu, ta tsaya ta kalli 'yan matakalan nan na ƙofa, ta ce ba za a sallami Thelma gida ba sai an yi gangare wanda kujera za ta hau. In ba haka ba, sai gidan kula da tsofaffi. Na ce ai wannan aikin yini ɗaya ne. Ashe filin da ke gaban ƙofata ba nawa ba ne, na gidaje goma sha huɗu ne, sai kwamiti ya yarda.

Kin san kwamitin. Kujera biyar ce, kuma dokar zamanmu ta ce sai da mutum uku ake yanke magana. Ta mahaifinki tana nan babu kowa tun rasuwarsa. Ivan Kralj na gida bakwai ya ɗaura ɗakin nan nasa mai taya a bayan mota ya tafi zagaya ƙasa, ba adireshi ba waya, sai dai katin hoto ya faɗo, yau hoton kada, gobe na raƙumi. Saura mu uku: Des Pascoe shugaba, wanda ya yi rayuwarsa yana shugaban tashar jirgin ƙasa, da Lorraine Vella sakatariya, da ni.

Muka zauna a garejin Des, Lorraine ta kawo kek mai kwakwa. Aka gama maganar fentin shinge da maganar wani kare. Sai Des ya gyara tabarau ya ce, "Gangare a gida huɗu. Clarrie, ka san doka."

Na ce, "Wacce daga ciki? Sun fi mu yawa."

"Wanda magana ta shafa ba ya zama a yi ta. Ɗan ba mu wuri."

Na ɗauki hulata na fita na tsaya wajen kwandunan shara. Ko gama gyara tsayuwa ban yi ba Lorraine ta leƙo.

"Dawo, Clarrie, zama ya mutu."

"Wa ya kashe shi?"

"Kai mana. Da ka fita mun zama biyu."

Na koma na ce, "To ga ni, mun cika."

Des ya ce, "Mun cika. Amma ba a maganar gangare kana ciki."

"In fita?"

"In ka fita mun zama biyu."

Lorraine ta ce, "To ya tsaya a bakin ƙofa mana, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje." Des bai yi dariya ba. Ya ce kada ta rubuta wannan. Aka ɗage maganar zuwa zaman wata mai zuwa, aka naɗe mini sauran kek in kai wa Thelma.

Na yi tunani, tun da gida tara naki ne yanzu ko da 'yan haya ne a ciki, kina da damar hawa kujerar mahaifinki. Layi biyu za ki rubuta wa Lorraine, a riƙa sa ki a waya ranar zama. Sauran masu gidajen galibi a Sydney suke, ba su san ko launin ƙofarsu ba, na nan kuwa in sun hango ni da takarda sai su rufe labule. Ba abin tayar da hankali ba ne, in kin samu sarari. Za a daidaita.

Kawunki,
Clarrie

*

Gonar shanu, Gulf, Disamba

Kawu Clarrie,

Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da jin sauƙin Gwaggo. Ka gaishe ta, ka ce in ta fara zagin abinci ma to ta warke. Mu lafiya lau, sai ƙaramin da ƙuraje suka feso wa saboda zafi. Wayne ya faɗo daga doki, dokin ne ya fi jin jiki.

Kawu, ka kashe mu da dariya. Na karanta wa ma'aikata wasiƙarka a kicin suna cin abincin rana, wani har shayi ya fito masa ta hanci. Yanzu in na kori wani daga kicin sai ya tsaya a ƙofa ya ɗaga ƙafa ya ce, "Mun cika?" Har yanzu Mista Pascoe yana guge wandonsa kafin ya fita zubar da shara?

Maganar kwamiti, ka yi mini rai. Baba ya yi shekara da shekaru a garejin nan, kuma na tabbata shi ya ƙara masa hawan jini. Tun da ka ce ba gaggawa, bari in zo da hutun bikin Ista mu zauna in ga abin da ake ciki kafin in sa wuyana. Yanzu ina ciyar da maza goma sha biyu, mai taimaka mini ta gudu Cairns da wani direba. Ni a ganina ma me ya kai ka neman izini? Ka samo kafinta ya buga abin nan da safe, in sun tashi su gan shi. Wa zai iya cire gangaren mace mara lafiya?

Hadari yana ta haɗuwa. In rafi ya cika, filin jirgin wasiƙa ya zama taɓo, za ka ji mu shiru, kada ka damu. Na sa wa Gwaggo man shafawa da hoton yara. Barka da Kirsimeti tun yanzu.

Taku,
Narelle

*

Hervey Bay, Janairu 1999

Narelle,

Ina gaishe ku, ina fata ƙurajen yaro sun baje. Man ya iso, hoton yana kan akwatin gefen gadonta. Ni lafiya, sai rashin barci. Thelma tana iya tura kujerarta da hannu ɗaya yanzu, sai dai zagaye take yi kamar kwale-kwale mai filafili ɗaya. Na ci Kirsimeti a gefenta, da hular takarda a kaina.

Kin tambaya wa zai iya cire gangaren mara lafiya. Na bi shawararki. Bluey Harrigan, abokina kafinta, ya zo da katako ya buga shi, ya yi kyau, har na hau na sauka ina gwadawa. Washegari Des ya ƙwanƙwasa ƙofa, hularsa a hannu.

Ya ce, "Clarrie, ba zai zauna ba."

Na ce, "Ya tare maka hanya ne?"

"Ba a amince da shi ba. In wani ya zame ya karye a kai, inshora ba za ta dube mu ba, gida goma sha huɗu za a kama. Gwauruwar gida biyu da me za ta biya?"

"Des, Thelma ce fa. Ita ta zauna da matarka har ta cika."

Ya daɗe yana juya hular. Ya ce, "Na sani. In na karya doka saboda wanda nake so, gobe wani zai karya ta a kan wanda ba ya so. Na ga inda aka yi haka."

Shi da kansa ya taya Bluey kwancewa. Ya jera katakon a gindin tagata, ya kawo tamfol daga gidansa ya rufe don kada ruwa ya taɓa. Da mugu ne da na samu wanda zan zaga. Duk Lahadi yana asibiti da mangwaron bishiyarsa, yana yanka mata yana ba ta.

Zaman Disamba da na wannan watan, duk abu ɗaya: in fita, zama ya mutu, in dawo. Na tambayi babban taron masu gida duka, aka ce sai Yuni. Na je ofishin da ake kai ƙarar irin wannan, wata yarinya mai kirki ta ce layin yana da tsawo, in sa rai bayan wata shida.

Yanzu bari in yi miki magana ba ado, tun da na ga wasiƙata ta farko ta zama abin nishaɗin kicin. Ban ji haushi ba, ni na rubuta ta haka. Mu mutanen da, in gidanmu yana cin wuta cewa muke yi an ɗan samu ɗumi. Da na ce ba abin tayar da hankali ba ne, ina nufin ban san yadda ake roƙo ba. Asibiti sun ce ƙarshen Fabrairu suna bukatar gadon. Akwai ɗaki da ya samu a gidan tsofaffi, in ban karɓa ba a ba wani, kuma wanda ya shiga can da wuya ya fito. Zama ɗaya ya rage kafin nan. Ista ta yi nisa, 'yata. Ki rubuta wa Lorraine yau, ina roƙonki. Gwaggonki ba ta san komai ba, na ce mata ana jiran katako ne.

Clarrie

*

Hervey Bay, ƙarshen Fabrairu

Narelle,

Ina fata kuna lafiya. Ni ina nan. Thelma ta yi mura ta warke.

Ban ji daga gare ki ba. Rediyo ya ce ruwa ya rufe Gulf, ina gaya wa kaina shi ne dalili. Wani lokacin kuma in ce wataƙila na yi miki nauyi, tsoho ya cika roƙo. In haka ne ba komai, kina da naki gidan.

An yi zaman. An kashe rabinsa a kan ko za a rubuta cewa na fita da kaina ko an umarce ni in fita. Lorraine ta ce, "Desmond, in ka sake cewa a duba doka zan cusa maka ita a baki." Ya ce kada ta rubuta wannan. Katin Ivan ya iso daga Broome, hoton faɗuwar rana, wai yana tuna mu duka.

Na sa hannu a takardar gidan tsofaffin. An kai Thelma ranar Talata. Ɗakin yana da tsabta, taga tana kallon wurin ajiye motoci. A hanya motar asibitin ta bi ta kan titinmu, ta gane kwanar, ta ce wa direba, "Yaro, ka wuce." Ya dube ni ta madubi. Na ce mata wurin gyaran ƙafa ne na ɗan lokaci. Ta ce, "Clarrie Tolhurst, shekara hamsin kana ba da labarin ƙarya, ba ka taɓa yin mara daɗi irin wannan ba."

Gidan ya yi mini girma. Ina cin burodi a tsaye.

Clarrie

*

Gonar shanu, Maris

Kawu,

Mu lafiya, ba wanda ruwa ya ci, shanu kawai muka rasa. Yau jirgi ya sauka karon farko tun bayan sabuwar shekara, wasiƙunka biyu a buhu ɗaya. Na fara buɗe ta biyun. Na zauna a ƙasan kicin, abinci ya ƙone, ban tashi ba.

Ka yi mini nauyi? Kawu, kai da Gwaggo kuka riƙe ni duk shekarun da nake makarantar kwana. Ita ta ɗinka mini rigar aure. Me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba? A'a, ka faɗa. Na sake karanta ta Nuwamba, komai yana ciki, gidan tsofaffin ma yana ciki, ni ce na tsaya wajen dariya. Na karanta wa mutane ita kamar wasan kwaikwayo. Ban san yadda zan dubi Gwaggo ba.

Wayarmu ta dawo jiya, na kira Misis Vella, na gaya mata na karɓi kujerar Baba, ga takarda ma ta biyo wannan jirgin. Ku sa ni a waya a zaman wannan watan, ko ina tsakiyar tuƙa abinci zan ajiye. A amince, Bluey ya mayar da katakon, mu je mu ɗauko ta. Ai ba kurkuku ba ne, wanda ya sa hannu ya shiga zai iya sa hannu ya fito. Da hanya ta buɗe ina tafe. Ka ci abinci a zaune, don Allah.

Narelle

*

Hervey Bay, Mayu

Narelle 'yata,

Gaisuwa gare ku duka. Na ji hanya ta sake yankewa, kada ki kashe kanki a kan zuwa. Ki yafe mini jinkirin amsa, na ɗauki biro sau da yawa na ajiye. Ni lafiya, ina ci a zaune wani lokacin.

Kin zauna bakin waya ranar zaman Maris ba a kira ki ba, Lorraine ta ce ta kasa gaya miki dalili, ta bar mini. Ga shi. An karanta takardarki, aka karɓe ki, har aka tafa. Na miƙe zan fita da murna, karon farko. Sai Des ya ce in dakata.

Ya ce, "Narelle 'yar wan Thelma ce, mahaifinta da Thelma uwa ɗaya uba ɗaya. Dokar ta ce wanda magana ta shafa, ko danginsa na kusa. A kan gangare, ita ma a waje take."

Lorraine ta ajiye biro. Ta ce, "Tun Nuwamba ka san Clarrie yana jiran yarinyar nan?"

"Na sani."

"Kuma ka san haka za ka ce?"

"Ba a kawo maganar a ajanda ba, Lorraine. Shugaba ba ya yanke hukunci a kan abin da ba a gabatar ba."

Ta kira shi da wani suna da ban san ta sani ba, kuma ta rubuta shi.

Don haka ki sauke abin da kika ɗora wa kanki. Ko da kin amsa tun ranar farko, da mu biyu za mu tsaya wajen kwandunan shara, ni da ƙafa ke da waya. Daga ranar ban sake taka garejin ba.

A Afrilu ciwon shanyewar ya sake bugun Thelma. Ba ta iya zama a kujera yanzu, sai an tokare ta da matasai. Likita ya ja ni gefe ya ce maganar gida ta wuce, ko da fada na gina mata. Hankalinta yana zuwa yana tafiya. Wata rana ta san ni, wata rana ta ɗauka ni mai gyaran fanka ne, ta ce in yi sauri kafin mijinta ya dawo.

Ivan ya dawo makon jiya, ya yi baƙi ya yi ƙiba, da kwalin katunan da bai samu aikawa ba. Suka zauna su uku. Lorraine ta ce ruwan shayi bai tafasa ba aka gama: an amince da gangare a gida huɗu, ba mai adawa, da sharaɗin a yi masa fenti kalar shinge.

Kowa ya so ya zama shi ya kawo mini albishir. Lorraine ta zo tana kuka a ƙofa. Ivan ya daka mini kafaɗa ya ce, "Da ka neme ni ai, tsoho!" Gwauruwar gida biyu, wadda ke rufe labule, ta ɗaga mini hannu ta taga. Na ce wa kowa na gode. Ban yi niyyar gaya wa Thelma ba, ban ga amfanin ba.

Na manta Lahadi ranar Des ce. Da na isa da yamma ya riga ya zo ya kai mata labarin ya tafi, ga lemu a yanke a faranti. Na same ta idonta a buɗe, tar, irin yadda na daɗe ban gani ba. Ta sa an taje mata kai. Ta kama hannuna da hannun nan mai kyau, ta ja ni kusa saboda ta san kunnena.

Ita ce ta ƙarshe cikin masu kawo mini albishir. Ta ce, "Clarrie, ka ji? Sun yarda. Duba ƙarƙashin gado ka miƙo mini takalmana."

Kawunki,
Clarrie